Zurfin Ciwon Ƙafar Baba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malama ta ce duk wadda take son zama nas ta gaske ta nemi littafi ta riƙa rubuta kowane ciwo da idonta ya gani. To ga littafi na saya, mai shuɗin bango. Ban zaci ciwon farko da zai shiga cikinsa na gidanmu ba ne.

Baba ya taka ƙusa a shagonsa, shi kansa bai san ranar ba. Umma ce ta ga jini a safarsa da ta zo wanki. Shekara goma sha ɗaya yana fama da suga, ƙafafun nan sun daina ji, ko garwashi ya taka sai dai ya ji ƙauri. Yau da na dawo daga makaranta na tasa shi a gaba zuwa ƙaramin asibitin unguwa, yana tafe yana mita wai na raina shi, ɗan ƙwarzane ne kawai.

Nas ɗin can ta wanke, ta auna, ni kuwa ina tsaye da birona kamar wata babba. Tafin ƙafar dama ne, ƙarƙashin babban yatsa. Tsawo santimita uku, faɗi biyu, zurfi rabi. Naman ja ne, babu wari. Ta ce a wanke kullum da ruwan gishirin asibiti, a rufe da auduga mai tsabta, kada ya taka ƙafar, mu dawo Litinin mai zuwa. Sai ta cire safar hannunta ta dube shi ta ce, "Baba, mai suga ba ya wasa da ciwon ƙafa. Na ga waɗanda suka shigo mana da ƙafa biyu suka koma gida da ɗaya."

Baba tela ne, kuma da wannan ƙafar ta dama yake taka keke tun kafin a haife ni. Amma dariya ya yi, ya nuna ni da haɓa. "'Yar nan, ai ina da nas a gida. Shekararta ta biyu ke nan a makaranta. Ko ba haka ba, Uwata?"

Wallahi sai da kaina ya fasu. In ban faɗa a nan ba, a ina zan faɗa?

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Wankin ciwo na farko da hannuna. Na wanke hannu har gwiwa, na sa safar hannu, na jera kayan a kan tire yadda ake mana a aji. Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ludayi a hannu. Da na fito da rular takarda Baba ya ce, "Shekara talatin ina auna mutane, yau ga shi ana auna ni. A bar min ɗan sarari a ƙugu, ina sa ran yin ƙiba."

Tsawo da faɗi ba su ba ni wahala ba. Sai na ɗauko tsinken auduga da ake auna zurfi da shi. Ana saka shi ne a hankali har ya taɓa ƙasan ciwon, a riƙe daidai bakin fata da yatsa, a zaro a ɗora a kan rula. Na sani, na yi shi ya fi sau ashirin a jikin mutum-mutumin roba. Amma da na kai shi bakin ciwon sai hannuna ya ƙi. Wannan ba roba ba ce. Ƙafar da nake hawa ina ƙarama yana yi min lilo ce. Shi yana kallon rufin ɗaki, bai ma lura ba. Na mayar da tsinken kan tire.

Jiya-jiya aka auna, me zai canza a kwana ɗaya? Gobe zan saka.

Tsawo 3.0. Faɗi 2.0. Zurfi 0.5.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Malama 'yar gajeruwa ce, amma in ta buɗe baki har aji na gaba gyara zama suke yi. Yau ta sa mun maimaita mata sau biyar: ido, hanci, rula, tsinke, sannan baki. Ki fara duba launi. Ja mai ɗanshi nama ne mai rai, rawaya mai yauƙi datti ne da za a cire, baƙi kuwa ya mutu. Ki shaƙa. Ki duba audugar da kika cire, ruwa nawa ta sha, wane iri ne. Ki taɓa gefe da bayan hannu ki ji ko da zafi. Ki auna. Sannan ki tambayi mai ciwon. Ta ce, "Shi ne ƙarshe, don marasa lafiya sun fi kowa iya cewa da sauƙi."

Na yi ta gyaɗa kai, ina ji kamar ni kaɗai ce a ajin da take da nata majinyacin.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tsawo 2.8. Faɗi 1.9. Zurfi 0.5. Ya ce ba ya jin komai. Alhamdulillahi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Nan da mako biyar za a tura mu asibiti aikin gwaji, kowa da farar rigarta. Baba ya riga ya yanka tawa tun kafin wannan abin, tana nan a ninke a kan keken da ke ɗakin zaure. Na ce masa ya bari in kai wa wani ya haɗa min. Kai, ashe zagi na yi! Ya ce yana raye wani ƙato zai ɗinka wa 'yarsa rigar nas, ya yi mata aljihu a karkace? "Su na yanzu ta sama suke duba ɗinki. Ni juya shi nake in ga zaren ƙasa."

Na ce to sai ya warke. Ya ce to.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau ce ranar komawa asibitin unguwa. Ba mu je ba.

Ina da jarrabawa da safe, shi kuma ya ce ba zai je ya yi zaman benci awa uku don a faɗa masa abin da 'yarsa ta riga ta faɗa ba. Umma ta ce, "Malam, da dai kun je." Ya ce a kawo littafi. Na buɗe na karanto musu lambobin, kullum suna sauka. Umma ba ta san santimita ba, fuskata ta kalla. Na ce mata, "Yana warkewa, Umma, ki kwantar da hankalinki." Ni na faɗa, da bakina.

Tsawo 2.5. Faɗi 1.6. Zurfi 0.5.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo na tarar rigata ta yi wuya, har da maɓalli biyu.

Na ce wa ya taɓa keken nan? Umma ta ce ita tana kicin, ba ta ga komai ba. Baba ya ce da hagu ya taka. Ƙarya ce mai kyau, don kowa a gidan nan ya san in ya taka da hagu keken baya yake komawa ya tsinke zare. Na yi masa faɗa, na ce an ce kada ya taka ƙafar. Amma faɗan da bakin dariya na yi shi, kuma ban gama ba na ɗauki rigar na shige ɗaki na kara a jikina gaban madubi. Wuyan ya zauna ɗas. Babu wadda za ta samu irinsa a ajinmu.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tsawo 2.0. Faɗi 1.2. Zurfi 0.5.

Audugar ta fi jiƙewa yau. Zafi ake yi, wataƙila gumi ne.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tsawo 1.5. Faɗi 1.0. Zurfi 0.5. Gefen ya yi farar kanta mai kauri, bakin ya tsuke sosai. Na kira Yaya a can inda yake aiki na ce masa saura kaɗan. Ya ce kuɗin makarantata bai tafi a banza ba.

Rigar ta yi hannu ɗaya. Wannan karon ban yi faɗa ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe uku na rana

Da safe na rubuta abin da na saba rubutawa.

A aji Malama ta nuna mana hoton wata ƙafa. Ɗan rami ne ƙarami, kanta ta zagaye shi, ka ce ba komai ba ne. Ta ce wa zai ce wannan ya kusa warkewa? Rabin aji suka ɗaga hannu, har da ni, ni ce ma ta farko. Sai ta nuna hoto na biyu, bayan an buɗe shi.

Ta ce, "Ciwo daga ƙasa yake cikewa ya taso sama. In bakinsa ya riga cikinsa rufewa, ku ji tsoro. Mai suga ba zai ce muku yana jin zafi ba, don ba ya ji. Tsinken nan ne kaɗai zai faɗa muku gaskiya. Ku saka shi, ku zagaya da shi kamar hannun agogo, ku ji ko ya yi rami a ƙarƙashin fata."

Ban ji sauran darasin ba. Na fita na wanke fuska sau biyu.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na buɗe. Akwai ɗan wari. Na taɓa saman ƙafar da bayan hannu, ta fi ta hagu ɗumi. Na ɗauki tsinken. Baba yana ba ni labarin wani da ya kawo yadi biyu yana son riga da wando da hula. Na yi dariya inda ya kamata. Na rufe ciwon.

Ranar Asabar zan kai shi, ko yana so ko ba ya so. Yau ban rubuta zurfi ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba mu kai Asabar ba.

Da safe jikinsa ya yi zafi rau, yana rawar sanyi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Maƙwabcinmu ya kai mu babban asibiti a motarsa. Suka ba shi gado a ɗakin maza, na biyu daga taga.

Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta zo da tire. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta tambayi yaushe ya fara, wa yake wankewa. Baba, da zazzaɓinsa da komai, ya ɗago kai ya ce, "'Yata ce. Komai a rubuce yake. Uwata, nuna musu littafin nan su gani."

Na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, ta juya shafi, ta sake juyawa. Ta ajiye. Ta ɗauki wani siririn ƙarfe ta saka a ramin nan da nake ta murna ya tsuke. Ya shiga. Ya ci gaba da shiga. Ruwa ya biyo shi, warin ya sa Umma ta kai mayafi hanci sannan ta ji kunya ta sauke. Sista ta zaro ta ɗora a kan rula. Huɗu. Ta ce wa likita ya taɓa ƙashi, kuma ya bi ta ƙarƙashin fata zuwa tsakiyar tafin.

Daga baya ta yafito ni zuwa baranda. Ta buɗe littafin ta ɗora yatsa a layin zurfi ta sauko da shi. "Kwana goma sha biyar. Rabi, rabi, rabi. Ni ban taɓa ganin ciwon da ya tsaya a lamba ɗaya ba. Kin auna?"

Na kalli takalmanta. Ta jira. Sai ta rufe littafin ta sa min a hannu, ta koma ciki. Ba ta faɗa wa Baba komai ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi ga haske ya daɗe yana kallo. An sa ruwa da allurai. Sista ta zana layi da biro a fatarsa, daidai inda jan ya tsaya, ɗan sama da idon sawu. Ta ce in bai wuce nan ba, za a iya ceton ƙafar.

Tun safe layin nake kallo.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sun shiga da shi sun buɗe sun kwashe abin da ya mutu. Ya fito yana tambaya ko an rufe keken da ƙyalle, kada ƙura ta shiga.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ya wuce layin. Sista ta zana wani.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yatsu biyu sun canza launi. Na san sunan launin, na san abin da Malama ta ce a kansa. Ba zan rubuta ba.

Umma ta tambaye ni, "Ke da kika sani, me suke cewa?" Na ce suna ƙoƙari. Ta ce, "Ba haka na tambaye ki ba." Na ce zan je in ɗebo ruwan zafi.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likita ya zo da takarda. Ya ja labule, ya zauna a bakin gado, ya yi bayani a hankali. Ya ce abin yana hawa, in ya shiga jini ba ƙafa za mu riƙa magana a kai ba. Umma ta yi salati ta fita.

Baba bai yi gardama ba. Ya ce, "Likita, nawa za ku bar min?" Likita ya ɗora gefen hannunsa a ƙasan gwiwa. Baba ya miƙa hannu ya auna da taƙi daga gwiwar zuwa wurin, yadda yake auna yadi in tef ya ɓace masa. Ya ce, "To." Ya nemi tabaransa ya sa hannu.

Da likita ya tafi ya dube ni ya ce, "Kin yi iya ƙoƙarinki, Uwata. Kada ki sa wa ranki." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An yi.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe tara na safe

Bargon ya kwanta a gefen dama. Duk inda na kai idona nan yake dawowa.

Umma ta tattara kayan da ya zo da su za ta kai gida. Ta sa takalmansa a leda, ta ciro ɗaya, ta mayar, ta sake cirowa. Daga ƙarshe ta zauna da ledar a cinya. Ni na karɓa na ɗaure bakinta.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yaya ya iso. Ya shiga ya gaishe da Baba, ya fito idonsa ja. A baranda ya ce, "Ba ke kika ce min saura kaɗan ba?" Ba da faɗa ya yi ba, tambaya ce kawai. Na ce haka na gani. Ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ya dafa kaina.

Kowa tausayina yake ji. Na rasa inda zan sa kaina.

Talata, 2 ga wata, ƙarfe uku na rana

Kwana goma sha biyu ban je makaranta ba. Malama ta aiko a kira ni. Na je da niyyar in ce mata na bar karatun. Maimakon haka sai na ajiye mata littafin nan a tebur.

Ta karanta tun daga shafin farko, har inda na rubuta kaina ya fasu. Ta cire tabarau. Na zaci za ta ɗaga murya, amma da ƙyar nake jin ta.

"Ba zan ce miki babu laifinki ba, don kin san ƙarya ne. Ba kuma zan ce da kin auna da ƙafar tana nan ba. Suga na shekara goma sha ɗaya ne, ƙila tun ranar farko ƙashin ya taɓu. Ban sani ba, likitan ma bai sani ba, ke ma ba za ki taɓa sani ba. Da wannan za ki zauna."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi.

"Hannunki ya ƙi, wannan ba abin kunya ba ne. Shi ya sa ba a son nas ta yi jinyar nata ita kaɗai. Da kin bar layin babu komai, da wani ya gani ya tambaya. Lambar da kika rubuta ita ta rufe bakin kowa." Ta turo min littafin. "Kada ki yage ko shafi ɗaya. Ranar sha biyar ina son ganinki a asibiti. Babanki ya sani?"

Na ce a'a. Ta ce wannan kuma ba darasinta ba ne.

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa masa.

Umma ta tafi gida kawo abinci, Yaya ya koma wurin aiki. Na zauna a kujerar roba na ce, Baba, zurfin nan da nake rubutawa, ban taɓa aunawa ba, ko sau ɗaya. Na nas ɗin unguwa nake kwafa. Na ce tsoro nake ji in saka masa tsinke. Na ce da na auna, da mun koma asibiti tun ranar goma.

Ya daɗe yana kallon ledar ruwan da ke ɗiga. Ya ce, "Duk lambobin nan da kike karanto mana?" Na ce tsawo da faɗi gaskiya ne. Ya ce, "Uhm."

Sai ya juya fuska bango ya ce, "Ja min labule."

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

"Ke, miƙo min ruwa." "Ke, kira nas." Yau bai ce Uwata ba.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau ma.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An sallame mu. Ɗinkin ƙafar ya kama, sai dai kusurwar waje ta ɗan buɗe. Sista ta ce a wanke kullum, a kai shi asibitin unguwa Talata da Juma'a, babu fashi. Ta wanke a gabana ta auna a gabana, ta miƙo min fakitin tsinken auduga. Na ce ai za su auna a can. Ta ce, "Na sani," ta cusa min shi a jaka.

Da aka shigo da shi ta zaure a kan sanduna, ya tsaya gaban keken. Rigata tana nan, hannu ɗaya a jiki, ɗaya a ninke a gefe. Umma ta yi sauri za ta ɗauke, ya ce a bar ta.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ina wankewa, ina rufewa. Ba ma magana. Tsawo 2.2. Faɗi 0.9. Layin zurfi babu komai. Ƙarya dai ban sake yi ba.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na jiyo ƙarar keke daga kicin, ta tashi ta tsaya, ta tashi ta tsaya. Na leƙa. Ya ja kansa ya zauna, yana takawa da hagu. Keken ya koma baya, zare ya tsinke. Ya zura, ya sake, ya sake tsinkewa. A karo na huɗu ya kifa goshinsa a kan keken.

Na juya zan gudu ya ce, "Zo nan." Bai ɗago ba.

"Kullum kina fita nake zuwa nan. Ba rigarki kaɗai ba, har na mutane, awa uku, awa huɗu. In audugar ta jiƙe in cire in sa wata kafin ki dawo, uwarki ta jefar da tsohuwar. Kin ga wuya da hannu, ba ki ga sauran ba." Ya ɗago. "Kwana tara ina son in ce laifinki ne. Na gwada, ya ƙi zama."

Na durƙusa a gefensa. Na ce, Baba, da na auna. Ya ce, "Da na zauna." Umma tana bakin ƙofa tana share ido da gefen zane, ita ma da nata laifin.

Ba wanda ya ce ya yafe wa wani. Can ya ce in jawo kujera, in sa ƙafata a kan fedar keken.

Lahadi, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ni nake takawa, shi yake riƙe yadi. Wuni guda a kan hannun riga ɗaya! In na yi sauri ya ce ina tsere da wa, in na rage ya ce barci nake. Sau biyu ya farke. Da muka gama ya juya rigar ya duba ta ciki, ya yi tsaki. Ya ce hannun hagu ɗinkin tela ne, na dama kuwa kada in faɗa wa kowa daga shagonsa ya fito.

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya kai hannu zai sosa inda babu. Ya mayar da hannun cinyarsa. Na yi kamar ina tsince zare a ƙasa.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Yau zan fara asibiti. Na sa rigar. Hannun dama yana ɗan ja a hammata, haka zan tafi da shi.

Na ɗaura leda a gabana, na wanke hannu, na jera tire. Na cire audugar jiya na duba, ruwa kaɗan ne, babu wari. Naman ja ne. Gefen babu zafi. Na auna tsawo da faɗi, na kai hannu zan ɗauki sabuwar auduga.

Ya ce, "Saura ɗaya."

Na ce gobe Talata, za su auna a can.

"Uwata." Rabon da in ji sunan nan kwana goma sha ɗaya. "Nan wurin ina ji, ba kamar waccan ba. Zai yi zafi, na sani. Saka."

Na yage fakitin. Wannan karon ban mayar da tsinken kan tire ba. Na saka a hankali. Ya ja numfashi ta haƙori, ya damƙe gefen katifa, bai ce in tsaya ba, ni ma ban tsaya ba sai da na ji ƙasa. Na zagaya, babu rami. Na riƙe da yatsa na zaro na ɗora a kan rula. Hawaye ya hana ni ganin lambar, sai da na goge da kafaɗa.

Ya ce, "Nawa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Rubuta."

Tsawo 2.0. Faɗi 0.8. Zurfi 1.2. Ni na auna.